Fom ɗin koyon sana'a na gwamnati: me ya sa yaranmu na Legas ba sa cin moriyarsa?

Baban Sumayya, Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Duk sanda aka fitar da fom na koyon sana'a, ko na tarayya ko na jihar Legas, ni ake turo wa, ni kuma in watsa a nan. Abin da na lura da shi, yaran da suka fi buƙata, irin waɗanda aka raba da acaɓa da 'yan dako da masu tura ruwa, su ne ba sa cikewa. Wanda ma ya cike aka ɗauke shi, da wuya ya kai ƙarshe. Laifin yaranmu ne, ko tsarin ne ba a yi shi don irinsu ba? In babu amfani gara in daina cika muku waya da sanarwa.

Na Mile 12:
Wa alaikumus salam. Ka daina kawai. Mai ɗan majalisa shi ke samu. Mu sunayenmu ake tarawa a karɓo kuɗi da su.

Tsohon Ɗan Acaɓa, Ketu:
Baban Sumayya, ranka ya daɗe, bari in amsa maka tunda ni aka taɓa. A watan Yunin 2022 aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida: Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland. Satumba na kamawa aka ƙara Kosofe, Mushin, Somolu da Oshodi-Isolo. Ketu a Kosofe take, ka ga har gida aka iske mu. Wasu suka koma arewa, wasu suka gangara Ikorodu ko suka tsallaka Ogun, wasu aka ƙwace musu babur suka tashi ba ko sisi.

To irin wannan mutumin za ka ce wa ga horo kyauta na wata uku, kullum daga safe har la'asar. Kuɗin makaranta ne kawai kyauta. Wa zai ba shi na karin kumallo? Wa zai biya masa danfo zuwa da dawowa, bayan tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi bai sauko ba? Ga mata da yara a ƙauye suna jiran abin da zai tura ran Juma'a. Mu abin da muka samu yau shi muke ci yau. Ranar da ka zauna a aji, ranar ba a ɗora tukunya a gida biyu, nan da can. Wanda ke iya zama wata uku ba ya nema, ai dama ba shi ne mabuƙacin ba.

Na Mile 12:
Gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata.

Malam, Idi-Araba:
Abin da ɗan'uwa na Ketu ya faɗa shi ne tushen maganar, kuma gwamnati ba ta jahilce shi ba, don ta sha gwada biyan alawus. Matsalar yawansa da lokacin zuwansa.

Abin ya daɗe. Tun 1986, zamanin Babangida, aka kafa NDE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, lokacin da tsuke bakin aljihu ya jefa mutane cikin rashin aiki. Babban shirinta shi ne ta ɗauki matashi ta kai shi wajen mai sana'a, ta riƙa ba shi ɗan abin sawa a aljihu. Sai 2016 Buhari ya kawo N-Power. Mutane sun fi sanin ɓangaren masu digiri da ake tura su koyarwa ko asibiti ko aikin gona a kan naira 30,000 a wata. Amma akwai N-Build na waɗanda ba su da digiri, ana koyar da gini, famfo, wayarin, kafinta da gyaran mota. Alawus ɗinsa a lokacin naira 10,000 ne a wata. Ku raba wannan gida talatin ku ga abin da ya zo wa mutum a yini. A Legas ko kuɗin mota bai kai ba. Kuɗi ɗaya ake biyan wanda ke zaune a gidan ubansa a Gumel da wanda ke biyan haya a Mushin.

Shirin ayyuka 774,000 na 2021 kuwa, wanda aka ce mutum dubu daga kowace ƙaramar hukuma, naira 20,000 a wata har wata uku, wannan ba koyon sana'a ba ne, share kwata da makamantansu ne. Wata ukun ta ƙare kowa ya koma inda ya fito. N-Power ɗin ma a ƙarshen 2023 aka dakatar da shi don bincike.

Hajiya Mai Ɗinki, Idi-Araba:
Allah ya gafarta Malam, duk na ji, amma maganar maza kuke ta yi. Kada ku sa Baban Sumayya ya daina turo mana. Ma'aikatar mata ta jihar Legas tana da cibiyoyin koyon sana'a a unguwanni, ba a biyan kuɗin karatu. Ɗinki, girki, gyaran gashi, yin sabulu, har kwamfuta. 'Yar ƙanwata can ta koyi yin kek da sauran kayan fulawa, yanzu bikin unguwa ba ya wuce ta. Zawarawa da 'yan matan da suka gama sakandare suna zaune, su ba sa asarar kuɗin yini don sun je aji. Su abin da ke hana su daban ne: maigida ko uba ya ce ba za a je wata unguwa a cuɗu da ƙabilu ba. Sai kuma a zo ana kukan ba a yi da mu.

Na Mile 12:
Hajiya, mutum ɗaya kika kawo.

Hajiya Mai Ɗinki, Idi-Araba:
Kai ko ɗaya ba ka kawo ba, ɗana. Ka taɓa cike fom ɗin aka hana ka?

Na Mile 12:
Ina zan cike, Hajiya, bayan shafin farko ma katin zama ɗan jiha yake nema?

Ɗaliba, Obalende:
Yaya na Mile 12, a nan akwai gyara. Katin LASRRA ba na 'yan asalin jiha ba ne, na mazauna ne. Ko daga Sakkwato ka zo, in a Legas kake zaune kana da haƙƙin yin sa, kuma rajistar kyauta ce. Ni a nan aka haife ni, kakana ne ya zo daga Katsina, kuma ina da shi. Ina taya mutanen layinmu cike fom a waya, abin da ke tsayar da mu kullum guda uku ne: babu wannan kati, ko sunan da ke NIN ya saɓa da na BVN, ko lambar wayar da aka yi rajista da ita ta ɓace tuntuni. Mutum a wannan takarda Muhammadu, a waccan Mamman, a ta uku ranar haihuwa daban. Kwamfuta ba ta san uzuri ba, fitar da shi take yi.

Kawu, Zangon Agege:
Jikata ta taɓo inda ke min ciwo. Hausawa sun fi shekara ɗari a Agege, tun zamanin fataucin goro da shigowar jirgin ƙasa. Amma har yau mutum zai shekara ashirin a nan, ka tambaye shi ya ce ci-rani ya zo. Ba ya rajistar zama, katin zaɓensa na can gida, ɗansa ba ya makarantar gwamnati ta nan. In jiharsa ta yi rabon kayan sana'a, a ce ba ya gari. In Legas ta yi nata, ba shi a lissafi. Ya zama jemage, ba ya tsuntsu ba ya dabba. Wannan ba gwamnati ta yi mana ba.

Tsohon Ɗan Acaɓa, Ketu:
Baba, a yi min afuwa, rabin wannan na yarda da shi, rabi ban yarda ba. Ku da kuke Zango kuna da gida da lamba a ƙofa. Wanda ke kwana a gareji, ko a barandar shago, ko a kangon da yake gadi, wane adireshi zai bayar? In aka ce ya kawo takardar wuta, ta wane gida? Kuma ko ya yi katin, maganata ta farko tana nan: me zai ci wata uku?

Kawu, Zangon Agege:
Na adireshi da sauƙi, ɗana. Don me ake da sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da limamai? Su tsaya wa yaransu. Na cin abinci ne ban da amsarsa.

Mai Walda, Ijora:
Ni ta wani gefen zan zo, don ni ake kawo wa yaran bayan an ce sun gama. Wata uku ba ya yin mai walda. A wata uku yaro ya iya kunna inji, ya iya ɗiga ƙarfe ya riƙe, shi ke nan. Bai san awo ba, bai san yadda zai yanka bututu ba tare da asara ba, bai san yadda zai yi wa mai gida kuɗin ƙofa ya fita da riba ba. Wannan sai an zauna gaban oga shekara biyu ko uku ana ganin aiki iri iri. Amma a kira taro, a sa musu riga iri ɗaya, a ɗauki hoto, a miƙa satifiket da ɗan inji, a ce an yaye su.

Injin nan ku bi sawunsa. Kafin wata ya zagayo ya isa kasuwa. Kuma ba na zagin yaron. Ba shi da shago, ba shi da janareta, wuta ba ta tsayawa, babu wanda ya san shi balle ya ba shi aiki. Ga mai ɗaki yana ƙwanƙwasa ƙofa. Ko ni ne sayarwa zan yi.

Abin haushin, aikin yana nan. Ku leƙa gine-ginen Lekki da Ajah har Ibeju. Wa ke sa tayil, wa ke yin silin na zamani? Yawanci 'yan Togo da 'yan Kwatano. Namu suna wajen, amma su ne masu kwaɓa siminti da ɗaukar bulo da gadi. Yaro zai shekara biyar yana miƙa wa mai tayil kaya, babu wanda ya ce zo ka koya.

Baban Sumayya, Agege:
To Oga, in kai aka ba wuƙa da nama, ya za ka yi?

Mai Walda, Ijora:
A kawo yaro wajen mai sana'ar da ke unguwarsu, inda zai taka da ƙafa. A bar masa rabin yini ya nemi abinci. A biya shi kuɗinsa duk mako, ba sai bayan wata huɗu a tara a ba shi ba, don yunwa ba ta jira a tara. Mai koyarwa kuma a riƙe wani kaso na kuɗinsa sai yaron ya ci jarrabawa. Kayan aiki kada a ba shi ranar biki, a bari sai ya samu inda zai ajiye su.

Malam, Idi-Araba:
Oga, abin da ka zayyana kusan shi ne NDE ta rubuta a takarda tun kafin a haifi rabin mutanen nan. N-Build ma haka aka tsara shi, 'yan watanni a cibiya, sauran a gaban mai sana'a.

Mai Walda, Ijora:
Na sani, Malam. Wata hukuma ta taɓa kawo min yara a kan irin wannan yarjejeniya. Ranar farko jami'ai suka zo da mota suka rubuta suna. Ban sake ganin ƙeyarsu ba. Babu wanda ya dawo ya ga ko yaran na zuwa. Alawus ɗinsu ya makale, suka zame ɗaya bayan ɗaya, wanda ya rage ni na ci gaba da ciyar da shi har ya iya. Ina da yaƙinin a littafinsu an rubuta duk sun kammala. Tsarin ba shi da laifi, mai bibiya ne babu. Kuma muddin abin da ake ƙirgawa shi ne mutum nawa aka horar, ba mutum nawa ke cin abinci da sana'ar bayan shekara ba, haka za a yi ta yi.

Na Mile 12:
Ashe dai maganata ce, Oga ya sa mata riga.

Mai Walda, Ijora:
A'a, ba maganarka ba ce. Kai ka ce a daina. Ni na ce a gyara, kuma kafin a gyara a karɓi abin da ya samu.

Ɗaliba, Obalende:
Tunda an zo nan, akwai abin da bai buƙatar zaman aji. Mutanenmu da yawa sun riga sun iya sana'a, takarda ce ba su da ita. Makaniki, mai wayarin, mai famfo, direban babbar mota. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya tana yin jarrabawar gwajin sana'a, wadda ake kira Trade Test, mataki uku ce. Kamfani in zai ɗauki ma'aikaci irin wannan takardar yake tambaya. Wanda ya shekara goma yana gyaran mota a Agege, ba horo yake buƙata ba, a gwada shi a ba shi shaida. Hukumar ITF ma, wato asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ta fito da shiri na masu sana'ar hannu a 2024 da wannan manufa.

Malam, Idi-Araba:
ITF ɗin nan tun 1971 take, hedikwatarta a Jos. Kuɗinta daga kamfanoni yake fitowa, kashi ɗaya cikin ɗari na albashin da suke biyan ma'aikata a shekara. Ku tuna yawan kamfanonin da ke Ikeja da Apapa da Ilupeju. Wato ba sadaka ake mana ba in mun nema.

Ɗan Kasuwa, Alaba Rago:
Ni abin da ke ba ni mamaki, ga maƙwabtanmu Inyamurai a Alaba International da Ladipo. Yaro ya zo daga ƙauye, ya zauna gidan ubangida, ci da sha da kwana a wuyan ubangida, bayan wasu shekaru a sallame shi da jari ya buɗe nasa. Babu fom, babu intanet. Matsalar cin abinci da ɗan'uwa na Ketu ke ta faɗa, su sun warware ta tuntuni. Mu ma muna da irin wannan a Kantin Kwari da Panteka ta Kaduna. Me ya sa da mun zo Legas sai kowa tasa ta fisshe shi?

Hajiya Mai Ɗinki, Idi-Araba:
Don mu yaron shago har ya yi furfura yaron shago ne, Alhaji. Sallamar ce ba mu iya ba.

Ɗan Kasuwa, Alaba Rago:
Hajiya kin harbe ni ina zaune lafiya.

Baban Sumayya, Agege:
Maganar jari fa? Na ji ana cewa jihar Legas na ba da rance.

Malam, Idi-Araba:
LSETF ke nan, asusun samar da aikin yi na jihar Legas. A 2016 gwamnan lokacin, Ambode, ya kafa ta, da alƙawarin naira biliyan 25 cikin shekara huɗu. Tana ba ƙananan 'yan kasuwa rance, tana kuma ɗaukar nauyin horo. Ita ma sai da katin LASRRA da shaidar haraji da mai tsaya maka. Sai dai rancen da ruwa ne, ko da bai kai na banki ba, kuma ka san mutanenmu da yawa da sun ji kuɗin ruwa sun tsaya ke nan. Ba na ganin laifinsu. Wannan magana ce da shugabanninmu ya kamata su kai gaba, a nemi hanyar da za a sayo wa mutum kayan aiki ya biya a hankali kan farashin da aka yanke tun farko. Musulmin Legas ba mu kaɗai ba ne, Yarbawa ma da yawa za su so haka.

Wani Matashi, Oshodi:
Ni 3MTT nake so, na kwamfuta. Wa ya san yadda ake shiga?

Ɗaliba, Obalende:
Na ma'aikatar sadarwa ne, an fara a 2023. A intanet ake nema, kuma yawancin karatun ma a intanet ne, don haka sai kana da Turanci da kwamfuta ko babbar waya da kuɗin data. In kana da su bismilla. Amma ba shi ne maganin wanda aka ƙwace wa babur ba.

Sannan don Allah jama'a, duk wanda ya ce ku turo kuɗin fom, ko ya kira ya ce ku karanto masa lambar da banki ya turo muku don a saka muku alawus, ɓarawo ne. Irin waɗannan shirye-shiryen ba a sayar da fom ɗinsu. An kwashe wa mutane kuɗin adashi ta wannan hanya.

Tsohon Ɗan Acaɓa, Ketu:
Akwai kuma harshe, ba wanda ya ambata. Da yawanmu karatun allo muka yi. Broka muna ji, Yarbanci na ciniki muna ji, amma a zaunar da kai ana rubutu a allo da Turanci, sai ka zama kurma. Kunya ma ta isa ta kore ka. A gaban oga kuwa hannu ke koyarwa.

Kawu, Zangon Agege:
Shi ya sa nake cewa a raba maganar biyu. Manya da iyali a kai, a nema musu gaban oga da rabin yini. Amma yaran da ke tasowa a nan, kada mu bari su maimaita. Jihar nan tana da kwalejojin fasaha na gwamnati a Agidingbi, Ikotun, Ikorodu, Epe da Ado-Soba. Agidingbi daga Agege ba nisa. Yaro ya gama ƙaramar sakandare ya shiga ya yi shekara uku, ya fito da sana'a da takarda. 'Ya'yanmu nawa ne a ciki? Ku je ku duba.

Baban Sumayya, Agege:
Na gode 'yan'uwa. Zan ci gaba da turowa, amma daga yau duk sanarwar da na kawo zan rubuta a ƙasanta inda ake yi, tsawon lokaci, da ko an ambaci alawus. Ɗaliba, ko za ki iya ware mana wata Lahadi a zo da masu matsalar suna da kati a duba? Zan yi wa liman magana a ba mu barandar masallaci bayan azahar.

Ɗaliba, Obalende:
In sha Allah, Baban Sumayya. Su zo da takardar NIN da wayar da suka buɗe asusu da ita. Gyaran suna ba ni ke yi ba, ofis za su je, amma zan nuna musu wanne ne ya saɓa.

Mai Walda, Ijora:
Ni kuma ina da wurin mutum biyu. Daga azahar zuwa magariba, safiya tasu ce su nema. Ba na karɓar kuɗin koyo, abincin rana a wuyana. Sharaɗi ɗaya, a kawo min babba da zai tsaya musu.

Tsohon Ɗan Acaɓa, Ketu:
Oga, Allah ya saka da alheri. Akwai ƙanena, amma Ketu zuwa Ijora kullum kuɗin mota zai cinye abin da ya samu da safe.

Mai Walda, Ijora:
To a nemo na kusa, Ijora ko Apapa ko Costain. Naka kuma akwai wani abokina mai gyaran janareta a Ojota, zan tambaye shi in yana ɗauka. Turo min lambarka ta gefe.

Na Mile 12:
In akwai mai koyar da haɗa sola a wajen Ketu ko Ikorodu, a sa ni a layi. Amma sai bayan an sauke motar tumatir, kafin nan ba na motsawa.